Baba, akwai ƙasa a can?

Na tashi a gidan da ake buɗe Littafi Mai Tsarki safe da yamma. Mahaifina manomi ne, dattijo kuma a ikilisiya, mutum ne da ban taɓa kama ƙarya a bakinsa ba. Amma yana da wata magana da ba ya gajiya da ita, musamman in ya ga ranmu ya ɓaci kan wani abu da ya lalace. Sai ya kaɗa hannu ya ce, "Ku rabu da shi, duk wuta za ta cinye." Iska ta kwashe rufin ɗaki, duk wuta za ta cinye. Dabba ta mutu, duk wuta za ta cinye. Da wannan na girma, har ya zama shi ne abin da nake kira bangaskiya. Duniya tasha ce, jiki riga ne, ranar da aka busa ƙaho za a tuɓe rigar, a cinna wa tashar wuta, mu kuwa mu haura sama mu zauna cikin gajimare muna waƙa har abada. Ban taɓa dubawa na ga ko haka aka rubuta ba. Wa zai binciki maganar ubansa?

Ba na ganin laifinsa. Ya sha wuya a rayuwa, maganar ce ta riƙe shi. Ni dai da tawa ranar ta zo, ba ta riƙe ni ba.

Ni da mai ɗakina ba mu yi gwajin jini kafin aure ba. Ɗanmu na fari ya zo lafiya lau, sai muka ɗauka haka za a ci gaba. Ta biyu mace ce. Tana da wata 7 hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta kwana tana tsala kuka, ko taɓa ta aka yi sai ta ƙara. A asibiti likita ya jawo takarda ya zana mana abu biyu. Na farko zagaye ne kamar faifai, ya ce haka ƙwayar jinin mai lafiya take, tana kai kwana 120 tana aiki. Na biyu ya lanƙwashe kamar lauje, ya ce wannan ita ce ta 'yarku, kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, kafin ta mutu ma takan maƙale a ƙananan hanyoyin jini, shi ne ciwon da kuke gani. Sikila ce. Ya ce mu biyun duka muna ɗauke da rabinta, AS da AS, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin 4 yaron ya fito SS. Na daɗe ina kallon laujen nan a takarda. Abin da nake riƙewa kullum a gona, ga shi a cikin jinin 'yata, kuma ni da uwarta muka ba ta ba mu sani ba.

Ta girma ba ta da jiki, idanunta kullum da ɗan rawaya. Ba ta iya guje-guje da yara, in ta gwada sai haki. Shi ya sa ta zama 'yar rakiyata. Ina da lambu a bakin rafi, in zan tafi sai ta riga ni ƙofa. Ina aiki, ita tana zaune a inuwa da tsofaffin gwangwanaye, tana cika su da ƙasa, tana danna iri da babban yatsa. Duk ƙwallon itacen da ta tsinta a hanya sai ta kawo. Ta jera gwangwanayenta a bayan ɗaki, kowanne ta san ranar da ya tsiro. Da safe kafin ta wanke fuska sai ta je ta ƙirga ganye. "Baba, na tsakiya ya yi shida." In ciwo ya kwantar da ita, abin da take fara tambaya in ta farfaɗo shi ne ko an ba su ruwa.

Tana da shekara 9, lokacin sanyi, ciwon ya kama ta a ƙirji. Mun saba da na ƙafa da na baya, wannan daban ne. Aka kwantar da ita, aka sa mata iska, aka ƙara mata jini. A dare na biyu uwarta ta ɗan kishingiɗa a kan benci, ni ina zaune a gefen gado. Na ɗauka barci take yi. Sai ta janye abin iskar daga bakinta ta ce, "Baba, in mutum ya je wurin Yesu, akwai ƙasa a can?"

Na ce wace irin ƙasa.

Ta ce, "Ta shuka."

Na yi murmushi, wai ni mai ƙarfafa yaro. Na ce mata a'a, can ba a bukatar ƙasa, ba datti, ba aiki, titunan ma na zinariya ne, za ki zama kamar mala'ika, ba za ki sake jin ciwo ba domin ba za ki ma kasance da wannan jikin ba. Ta yi shiru tana kallon sama. Can ta ce, "To ni me zan riƙa yi?" Na ce waƙa. Ta mayar da abin iskar da kanta, ta juya fuska bango. Bayan kwana 3 ta cika.

Masu zuwa gaisuwa sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya sāka musu. Kusan kowa magana ɗaya yake yi: ta huta, ta rabu da wannan jikin mai wahala. Ina amsawa da amin, cikina kuwa kamar ana zuba barkono a gyambo. Jikin nan da suke murnar ta rabu da shi, shi na ɗauka a kafaɗa zuwa asibiti sau ba adadi. Na san wushiryarta. Na san tabon da ke gwiwarta ta hagu, na san ranar da ta same shi. Ban roƙi Allah mala'ika ba, yarinyar nake so, mai ƙasa a farce. Kuma abin da aka koya mini ya ce wannan yarinyar ta tafi ke nan, abin da ya rage wani farin abu ne marar nauyi da ban san shi ba.

Ban daina zuwa sujada ba, kada a ce. Amma na daina zuwa lambu. Bishiyoyin da ke bakin rafi, waɗanda mahaifina ma ya tarar, na sa aka sare na sayar da itacen, na biya bashin asibiti. Wani maƙwabcin lambu ya ce mini saiwarsu ce ke riƙe da gaɓar. Na ba shi amsar da na gada daga mahaifina: duk wuta za ta cinye. Damina ta farko ruwa ya yanka wata 'yar hanya da yaro zai tsallake. Ta biyu ta mai da ita kwazazzabo, mutum zai tsaya a ciki ba a ga kansa ba. Kusan sulusin lambun ya bi ruwa. Na je na gani sau ɗaya, ban ji komai ba. Har wani daɗi-daɗi na ji, kamar ƙasar ta gaskata ni.

Mai ɗakina kuwa ba ta daina bai wa gwangwanayen ruwa ba. Yawancinsu sun mutu, saura uku. Wata safiya na fito na same ta a tsugune tana yayyafa musu, wani abu ya taso mini. Na ce mata har yaushe za ki riƙa wannan shirmen, mai su ma ta ruɓe a ƙasa, duk wuta za ta cinye. Na sa ƙafa na shure ɗaya. Ya gangara, ƙasar ta zube, ɗan itacen ya fito da saiwarsa a waje. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tattara ƙasar da tafin hannu tana mayarwa, ta ce, "Maigida, yatsanta ne ya danna ƙasar nan." Mun yi kusan wata ba mu yi wata magana ba in ban da gaisuwa. A duk abin da na yi a shekarun nan, wannan ne har yau in na tuna nake rufe fuska.

Akwai wani tsoho a ikilisiyarmu, tsohon malamin makaranta, yana da yanar ido, ba ya iya karatu kuma. Ya aiko a ce mini yana neman mai karanta masa Littafi da yamma. Na so in ƙi, amma ba a ƙin kiran babba. Sai daga baya na gane mai ɗakina ce ta je ta same shi. Bai taɓa tayar mini da zancen 'yata ba. Ni dai in karanta, shi ya rufe ido ya saurara. Muka bi wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa sura bayan sura. Ya ce mini a Koranti ya rubuta ta, wajen shekara ta 57, zuwa ga mutanen da bai taɓa ziyarta ba tukuna. Ina karantawa da baki, zuciyata tana wani wuri.

Da muka kai sura 8, wajen aya 19 zuwa 23, sai ya ɗaga hannu. "Ɗana, koma baya. A hankali." Na koma. Wurin yana cewa halitta tana ɗokin ranar da za a bayyana 'ya'yan Allah, cewa an sa ta ƙarƙashin banza ba da sonta ba, amma da bege, domin ita kanta halittar za a 'yanta ta daga bautar ruɓewa. Ya ce dukan halitta tana nishi kamar mace mai naƙuda har zuwa yanzu.

Ya ce, "Wa ke nishi?"

Na ce halitta, Baba.

"Wace halitta? Mutane?"

Na duba. Aya ta 23 ta ce ba ita kaɗai ba, mu ma muna nishi. Ashe mu daban, ita daban. Ya ce to ƙasa ce ke nan, da ruwa, da itace, da dabba. Sai ya tambaye ni, "Ka taɓa ganin mace tana naƙuda an tafi haƙa mata kabari? Ai kayan jariri ake haɗawa." Sannan ya sa na karanta ƙarshen ayar sau uku. Abin da muke jira, in ji Bulus, shi ne fansar jikinmu. Jikin ne za a fansa. Na sha wuce wurin nan tun ina yaro, kullum idona yana karanta mini cewa za a fanshe mu daga jikin.

Ban miƙa wuya a ranar ba. Washegari na zo da shirina, na buɗe masa 2 Bitrus 3:10, inda aka ce sammai za su shuɗe da ƙara mai ƙarfi, abubuwa su narke da zafi. Na ce ga maganar mahaifina, baƙi a kan fari. Ya yi dariya, ya ce mahaifinka ya karanta aya ɗaya da kyau, kai karanta masa sauran. A aya ta 6 Bitrus ya ce duniyar dā ta hallaka da ruwa. Tsohon ya ce, "To da Nuhu ya fito daga jirgi, a kan me ya taka?" A kan ƙasar nan dai. Farawa 9:20 ma ta ce ya fara noma, ya dasa gonar inabi. Alkawarin bakan gizo kuwa, a surar nan, Allah ya yi shi ne da Nuhu da zuriyarsa da kowane mai rai, tsuntsu da dabbar gida da ta jeji. Aya ta 13 ta Bitrus kuma ta ce muna sauraron sabbin sammai da sabuwar duniya inda adalci zai zauna. Ya ce wutar maƙeri ma wuta ce, amma ba don ya zubar da ƙarfen yake hura ta ba. Bai ɓoye mini cewa akwai masu bi na gaske da ke fahimtar wutar a matsayin shafewa gaba ɗaya kafin a yi sabuwa ba. Ya ce ko su ɗin, duniya suke jira a ƙarshe, mai ƙasa da ruwa. Zaman gajimare dai babu wanda ya samo shi a Littafi.

Ya ce mini gardamar nan tsohuwa ce. Wajen shekara ta 180 wani shugaban ikilisiya mai suna Ireniyas, a birnin Liyon da ke Faransa ta yau, ya yi ta fama da masu koyar da cewa duniyar da ake gani aikin wani ƙaramin allah ne, jiki kuma kurkuku ne da ruhu zai tsere masa. Ikilisiya ta ƙi wannan koyarwa. Shi ya sa a shaidar bangaskiya muke cewa mun gaskata da tashin jiki, shi ya sa kuma shugabannin ikilisiya da suka taru a birnin Kustantiniya, Istanbul ta yau, a shekara ta 381 suka rufe tasu da sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. Na yi shekaru ina faɗin kalmomin nan a tsaye, da bakina, ina kuma gaskata kusan abin da aka rubuta su don a ƙi.

Abin da ya karya ni shi ne surori biyu na ƙarshen Ru'ya ta Yohanna. Ni na san zinariyar, ita na faɗa wa 'yata. Ban taɓa lura cewa birnin saukowa yake yi ba. Yohanna ya ga sabuwar Urushalima tana saukowa daga sama, murya kuma ta ce mazaunin Allah yana tare da mutane. Wanda ke kan kursiyin ya ce yana sabonta dukan abubuwa. Na juya shafi zuwa sura 22. Ga kogi yana gudu ta tsakiyar birnin. Ga itacen rai a wannan gaɓa da waccan, yana ba da 'ya'ya sau 12, kowane wata da nasa, ganyensa kuma na warkar da al'ummai. Na tsaya a kan kalmar ganye, muryata ta ƙi fita. Tsohon ya ce in buɗe Ishaya 65. Can ma sabuwar sama da sabuwar duniya, inda ba za a ƙara samun jaririn da zai yi 'yan kwanaki ya mutu ba, inda mutane za su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu.

Na ajiye Littafin a kan tabarma na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na ce masa, Baba, ta tambaye ni. Yarinya tana bakin mutuwa ta yi mini tambaya ɗaya, na ba ta amsar da ba haka ba, ta juya mini baya, da wannan ta tafi. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Ranar da Ubangiji ya tashi, Maryamu Magadaliya ta gan shi a bakin kabari. Wa ta ɗauka shi ne?" Na ce mai lambu. Ya ce, "To a hannunsa take. Ka bar masa gyaran amsar."

Na sha tunani a kan jikin da Yesu ya tashi da shi. Ya ce wa almajiransa su taɓa shi, fatalwa ba ta da nama da ƙashi. Ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi. Tabon yana nan, ciwon ne babu. A nan na fara iya tuna wushiryar 'yata ba tare da na ji an ƙwace mini ita har abada ba. Laujen da likita ya zana shi ma yana cikin nishin da Bulus ya faɗa, ɗaya ne da kwazazzabon da ya cinye mini lambu, sai dai na lambun da hannuna a ciki.

Neman gafarar mai ɗakina ya fi mini komai wuya. Na yi ta zagaye kwana da kwanaki. A ƙarshe da asuba na riga ta fita, na ɗebi ruwa na ba gwangwanayen nan uku. Ta fito ta same ni a tsugune. Ta tsaya a kaina jim, ta ce, "Ka cika masa ruwa, zai ruɓe." Daga nan bakinmu ya buɗe.

Komawa lambun kuma Irmiya ne ya tura ni. A sura 32, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kansa yana tsare, sai Allah ya ce ya sayi gonar ɗan'uwansa Hanamel a Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa, aka sa hannu a gaban shaidu, ya ce a adana takardun cikin tukunyar ƙasa don su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Duk mai hankali a ranar zai ce asarar kuɗi ce. Na ce in mutum a tsare ya sayi gonar da abokan gaba ke takawa, ni da ke sake ba ni da hujja.

Aikin ba shi da daɗin labari. Ni da ɗana muka yi ta jido duwatsu muna jerawa a cikin kwazazzabon don su rage gudun ruwa. Muka dasa jema layi-layi a gaɓa, domin saiwarta tana nutsawa ƙasa har mita 3, tana kama ƙasa kamar raga. Na dasa itatuwa 40 a shekarar farko, 11 suka rayu. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya kwashe rabin duwatsun a dare guda, muka sake. Maƙwabcin da na gaya wa baƙar magana shi ya ara mini baro, bai kuma tuna mini ba. Ba na ruɗin kaina cewa dashena ne zai kawo sabuwar duniya, wanda ya ce yana sabonta kome shi zai yi. Amma na lura Bulus, bayan ya gama doguwar surar nan ta tashin matattu a 1 Korantiyawa 15, bai ce mu naɗe hannu mu jira ba. Ya rufe da cewa mu yi ta aiki, wahalarmu cikin Ubangiji ba banza ba ce.

Shekara 6 ke nan da rasuwarta. Tsohon ya riga mu gidan gaskiya bara, ni na karanta Romawa 8 a bakin kabarinsa kamar yadda ya bar wasiyya. In sanyi ya shigo har yanzu barci yakan ƙaurace mini, kunnena yana jiran tari daga ɗakin da ba kowa. Ɗanmu an gwada shi, AS ne, na kuma zaunar da shi na zana masa faifai da lauje kamar yadda aka zana mini, na ce kada ya kai maganar aure ko'ina sai an yi gwaji. Kwazazzabon bai rufe ba, amma ya daina ci gaba, ƙasa ta fara taruwa a bayan duwatsun har ciyawa ta fito.

Cikin gwangwanaye ukun, biyu ba su kai ba. Wanda ya rayu shi ne wanda na shure. Mai ɗakina ta ce ta san shi da lotsawar da ke gefensa. Mun fasa gwangwanin muka dasa shi a daidai inda take zama, ya ɗan karkace daga gindi, yanzu ya fi ni tsawo. Makon jiya na same ta a ƙarƙashinsa ta ɗaga kai, leɓenta yana motsi. Na ce addu'a kike yi? Ta ce a'a, ƙirga take, ta kai ɗari biyu da wani abu na katse ta, sai ta sake daga farko.